Harsashi a Tukunyar Miya

Ana sallame sallar asuba ranar Laraba muka kama hanya, ni da wani maƙwabcina mai mota. Ya ce saboda Allah zai kai ni, na ce na gode, ko da yake na san son jin gulma zai cinye rabin ladan. Ko ruwan zafi ban sha ba. Tun ranar Talata da la'asar, da ƙanwata 'yar kawuna ta bugo waya daga ƙauyensu da ke bayan Dugabau a ƙasar Kabo, abinci ya fita daga raina. Tana magana tana jan hanci ta ce an harbe san huɗar wani maƙwabcinsu, Malam Haruna, kuma bakin gari ya zo ɗaya cewa Kawu Ilu ne ya yi. Mai unguwa ya karɓe bindigarsa. An ba shi zuwa Juma'a, in bai wanke kansa ba za a miƙa shi ga hukuma, a kuma tuɓe shi daga shugabancin maharban yankin da yake riƙe da shi tun ina saurayi. Mutumin da ya haura saba'in fa ke nan.

Ga waɗanda ba su daɗe da fara bibiyata ba, aikin ɗamara na yi har na ajiye. Rabin shekarun a ɗakin ajiyar makamai na yi su, sauran rabin a ɗakin da ake kawo harsashi da kwanso bayan an yi ta'asa, a ce mu faɗi daga wace bindiga suka fito. Aikin ya bar mini ciwon baya da wani mugun hali, ba na yarda da mutum. Ko ina kwana ka ce mini sai na saci kallon agogo. Don haka gara in faɗa muku tun yanzu, kafin mu wuce Kabuga na riga na yanke wa Kawu hukunci a raina. Na san shi ciki da bai. A hannunsa na yi shekara uku bayan rasuwar mahaifina, shi ya fara nuna mini yadda ake riƙe bindiga, kuma na san in ransa ya ɓaci ba ya ji ba ya gani. Na kuma san shanun Malam Haruna sun sha cinye masa gyaɗa. Abin da ya fito da ni daga gida kawai in ga ta inda za a rufa asiri.

Hanyar Gwarzo da damina akwai kyan gani, in dai ba kai ke tuƙi ba. Wani wurin kwalta sumul, wani wurin ruwa ya kwanta a rami ba ka san zurfinsa ba sai ka ji taya ta gaya maka. A Rimin Gado muka tsaya shan koko. Jama'a, ƙosai ya rame. Kuɗin da a da zai cika maka takarda yanzu 'yan ƙwayoyi ake jefa maka, kowanne sai ka nemi tabarau kafin ka gan shi. Na ce wa mai suya ko da cokalin shayi take zubawa, ta ce in je in tambayi mai wake. Daga nan gonaki suka rufe hanya hagu da dama, dawa ta fi tsayin mutum, masara ta yi goyo. Maƙwabcina sai masha Allah yake ta yi. Ni ma na yi, amma abin da idona yake gani shi ne mutum goma za su iya tsayawa cikin dawar nan, taku biyar daga titi, ba ka san da su ba.

A Kabo muka sauka daga kwalta muka hau jar hanya. Laka ta sa muka riƙa tafiya kamar masu rakiyar amarya, babura suna wuce mu suna watsa mana ruwa. Abin da na lura da shi shi ne gaisuwa ta gajarce. Ƙasar nan na san ta, in ka tsaya tambayar hanya sai an tambaye ka gida da iyali da gajiya da damina kafin a nuna maka. Wannan karon wani dattijo da muka tsayar kusa da Dugabau lambar motar ya fara dubawa, sannan ya ce daga ina, wurin wa, me ya kawo mu. Sai da na ambaci sunan mahaifiyata ya saki fuska.

Na iske Kawu zaune a gindin darbejiyar ƙofar gidansa yana tufkar igiya. Ya rame, amma muryar tana nan. Na durƙusa muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ya tambayi yarana ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Sannan ya ce, "Sufeto, kai ma kama ni ka zo yi?" Haka yake kirana tun ranar da na fara sa kaki. Na yi dariyar yaƙe na ce ya ba ni labari.

Labarin gajere ne. Ranar Asabar bayan sallar asuba ya fita da bindigarsa zuwa gona, kamar kullum, saboda birai. Gari na fara haske ya ji ƙarar harbi daga bakin rafi, inda Malam Haruna ke ɗaure shanunsa. Ya ce ƙarar ba irin ta bindigoginsu na maharba ba ce. Tasu tana da nauyi, tana amsa kuwwa, ga hayaƙi. Wannan siririya ce, tas, kamar an karya busasshen itace. Ya gaya wa mai unguwa haka, aka ce ya rantse da Alƙur'ani, ya ce shi bai taɓa rantsuwa a kan gaskiyarsa ba kuma ba zai fara da furfura ba. Yana magana ina kallon hannayensa. A aikina na ji "wasu baƙi ne suka yi" ya fi a ƙirga, kuma yawanci mai faɗar shi ne baƙon. Ban yarda ba, kuma ina jin ya ga haka a fuskata, don igiyarsa ya koma tufkawa.

A zauren mai unguwa aka kawo mana fura da nono, nono mai kauri irin wanda a Kano sai dai labari. Bayan gaisuwa ya sa aka fito da shaidu biyu. Na farko bindigar Kawu, adaka ce, wadda samari ke yi wa tsiya da harba-ka-ruga. Na biyu wani jan kwanson roba mai gindin ƙarfe da aka tsinta a iyakar gonar Kawu, an naɗe shi a leda kamar goro.

Bari in ɗan yi muku karatu, tunda abin da na iya ke nan. Abin da muke kira harsashi a dunƙule abu huɗu ne a haɗe. Akwai kwanso, shi ne gidan. A cikinsa akwai albarushi. A gindinsa akwai wani ɗan maɓalli, wanda in allurar bindiga ta sare shi yake ta da wuta. Sai kuma kan, shi ne ke tashi ya je ya yi ɓarna. A zamanin da, abubuwan nan a rarrabe suke. Maharbi zai zuba albarushi ta bakin bindiga, ya cusa tsumma, ya zuba dalma, ya ƙara tsumma, ya danna da sanda, sannan ya nemi wuta, da farko da ƙanƙara, daga baya da kan ashana. Can aka yi dabarar naɗe albarushi da dalma a takarda, daga nan aka kai ga kwanson ƙarfe da ake ɗurawa ta baya, aka kuma samu albarushin da ba ya hayaƙi. Yau akwai mai kwanson roba cike da ƙananan ƙwayoyi, na farauta ke nan, akwai mai kwanson tagulla da kai guda ɗaya, na ƙaramar bindiga da ta yaƙi. Kawu kuwa yana nan a matakin farko bai motsa ba. Adaka ba ta cin kwanso, balle ta tofar da shi.

Na faɗi haka, mai unguwa ya ce ai sun sani, abin da mutane ke cewa shi ne Kawu yana da wata bindigar ta zamani a ɓoye. A shekarun nan kuwa in aka ce mutum ya ɓoye bindiga, maganar ta wuce ta kashe sa. Na karɓi kwanson na fita haske. Gefe ɗaya rana ta cinye jan har ya koma fari-fari, gindin ya yi tsatsa. Na leƙa ciki sai ga ginin zanzaro, ya bushe, har da ƙofar da ɗan ya huda ya fita. Na ce, "Ranka ya daɗe, zanzaro ba ya gini ya ƙyanƙyashe ya tashi a kwana huɗu. Wannan ya ga damina aƙalla biyu a ƙasa." Aka yi 'yar dariya, wani ya ce lallai masu farauta daga birni sun taɓa zuwa bara waccan.

Da na tsaya nan da na ji daɗi. Amma hali ya ja ni, na ɗauki adakar na shinshina bakinta. Wari ya buge ni, irin na ruɓaɓɓen ƙwai, warin albarushin gargajiya da bai daɗe da ƙonewa ba. An harba ta cikin makon nan. Aka aika aka tambayi Kawu, ya ce biri ya kora ranar Juma'a. Hanci ba ya rarrabe Juma'a da Asabar. Na ajiye ta.

Sai na ce a kai ni in ga san. Jama'a suka dube ni kamar na yi saɓo. Malam Haruna ne ya ba ni amsa, wani siririn mutum mai sanyin magana, kakanninsa makiyaya ne kafin su zauna su kama noma. Ya ce ya iske shi a kwance yana shure-shure, jini na fita ta hanci, ya ƙwala kira aka kawo wuƙa aka yanka kafin rai ya fita. Kafin hantsi wani mahauci daga Sabon Birni ya zo da mota ya kwashe. Raina ya ɓaci, na ce shaidar gaba ɗaya an fede ta an sayar! Ya dube ni ya ce, "To Alhaji, in bar shi ya zama mushe?" Ban ga laifinsa ba, don ko ni ne wuƙar zan nema. Ya kai ni turken. Ɗayan san yana tsaye shi kaɗai, ya ƙi cin ciyawa, garmar na jingine da bango. Da sa ɗaya ba a huɗa. Mutumin nan ba sharri yake nema ba, an karya masa hannu ne. Wurin da abin ya faru kuwa ruwa ya sauka a kai sau biyu, duk gari kuma sun tattake shi wajen kallo.

Bayan azahar muka nufi Sabon Birni a ƙasar Gwarzo. Hanyar ta fi ta safe wahala, sau biyu na sauka na tura mota da ciwon bayana, maƙwabcina yana ciki yana ba ni umarni. Muka sayi gasasshiyar masara a bakin wata kwalbati, sabuwa ce mai zaƙi, ita kaɗai ce ban zargi kowa a kanta ba a tafiyar nan. Mahaucin kuwa yana ganina ya gane irin aikin da na yi, ban san ko tafiyata ce ke tona ni ba. Ya ce shi bai sayi wani sa ba, bai san wani Haruna ba, ranar Asabar ma ba ya gari. Nan gulmar maƙwabcina ta yi rana. Ya zauna a benci ya ja shi da hirar tsadar dabbobi da ciwon ƙafar shanu, har suka gano suna da suruki ɗaya a Getso. Kafin la'asar mahauci ya tuna ya sayi sa, ya kuma tuna fatar tana bayan gida an barbaɗe ta da gishiri.

Muka shimfiɗa ta a ƙasa na bi ta taku-taku. Huji ɗaya ne, a bayan kafaɗar hagu, faɗinsa bai wuce na biro ba. Babu na fita. Wannan ya ɗan taɓa ni, don na san Kawu da ƙananan dalma da ƙwayoyin ƙarfen keke yake ɗuri, da sun yi wa fatar ɓuli-ɓuli kamar rariya. Amma nan take na ba kaina amsa, ai mai niyyar sa zai iya ɗura dalma guda, fata kuma in ta sha gishiri tana tsukewa. Abu ɗaya dai ya tabbata, abin da ya shiga bai fita ba, yana cikin nama. Mahauci ya rantse bai ga komai ba. Kafaɗar da ƙasusuwanta, ya ce, wata mai tuwo a kusa da tashar Gwarzo ya kai wa, ita ke sayen ƙashi don miya. Muka ƙarasa Gwarzo kafin magariba muka sauka a gidan wani tsohon abokin aikina.

Gwarzo da safe gari ne mai hanzari. Motocin Kano na lodi, masu kayan miya na sauke kwanduna, tumatir ya yi tsadar da mai shi ke kallonka sama da ƙasa kafin ya faɗi kuɗi. Rumfar da aka kwatanta mana tana manne da wata, duka biyun na tuwo ne, bango ɗaya na langa-langa ya raba su. Muka zauna muka ci ɗumamen tuwon dawa da miyar kuka, ya yi daɗi ƙwarai, man shanu har ƙasan kwano. Sai da na wanke hannu na ce, "Hajiya, a ƙashin da aka kawo miki ranar Asabar, ba ki ga wani ɗan ƙarfe ba?"

Ludayin hannunta ya faɗi cikin tukunya. Ta matso ta rage murya, tana nuna bangon langa-langa da haɓa. "Wa ya aiko ku? Ita ce ko?"

Sai da muka sha rantsuwa kafin labari ya fito. Ranar Lahadi tana kankare gindin tukunyar miya ta ji ƙarfe ya yi ƙara. Ta ɗago ta ga wani ɗan jan abu mai tsini. Ita ba ta taɓa ganin kan harsashi ba, kuma ba ta san san harbinsa aka yi ba. Abin da ya zo mata shi ne maƙwabciyarta ta jefa mata sammu don ta kore mata masu ciniki. Kwana huɗu ke nan ba ta amsa gaisuwarta. Ta naɗe abin a tsumma da gishiri da barkono, ta cusa a gwangwanin madara, tana jiran Juma'a ta ba wani ya jefa a ruwa mai gudu. Da mun ƙara kwana ɗaya a hanya, da shi ke nan.

Na warware tsumman a kan farar takarda, na fito da gilashin ƙara girma da ban taɓa rabuwa da shi ba tun ina aiki. Dahuwa ba ta yi masa komai ba. Dogo ne, mai rigar jan ƙarfe, hancinsa ya lanƙwashe inda ya daki ƙashi. A jikinsa ga zane huɗu a karkace, duk sun murɗa dama. Ku da ba ku sani ba, cikin bututun bindigar zamani an yi masa zane a murɗe don harsashi ya fita yana juyawa ya tafi miƙe. Zanen nan yana kwanciya a jikin harsashi, kuma kowace bindiga da irin ƙananan kurjin da take bari, shi ya sa a ɗakin bincike muke jera biyu a ƙarƙashin madubi mu ce uwa ɗaya ta haife su ko a'a. Adakar Kawu kuwa bututun sitiyarin tsohuwar mota ne maƙeri ya gyara, cikinta sumul. Ko shekara za ta yi tana harbi ba za ta yi wa harsashi zane ba. Abin da ke kan takardar nan daga bindigar yaƙi ya fito, irin wadda ɓarayin daji ke ratayawa.

Kunya ce ta fara kama ni, wallahi har na ji zafi a kunnuwana. Tsohon nan gaskiya ya gaya mini, kunnensa ya gane a daƙiƙa ɗaya abin da ni sai da na yi kwana biyu ina tura mota. Bayan kunyar sai tsoro ya biyo. Hajiya dai murna ta yi da ta ji ba sammu ba ne, ta leƙa ta bango ta yi wa maƙwabciyarta ina kwana. Da ta dawo ta ce mini a hankali, "Amma fa tana iyawa." Na ce Hajiya, da kin yi aikinmu da kin yi nisa.

Muka juya Kabo, muka isa ƙauyen ana fitowa daga azahar. Mai unguwa ya sa aka tara magidanta a ƙofar zaurensa. Kawu ya zo ya zauna a gefe, a ƙasa, bai kalli kowa ba. Na ɗora harsashin a faifai aka zagaya da shi, na nuna musu zanen. Na sa aka kawo adakar, na ce duk mai so ya zura yatsa a bakinta ya ji ko akwai zane. Mutum uku suka gwada, har da Malam Haruna. Na jefa harsashin a bakinta, ya zurma har ƙasa yana ƙara, na kifa ta ya faɗo a tafina. Na ce wannan ba abincinta ba ne. Na ce ban san wa ya harba ba, ban san dalili ba, harsashi ba ya faɗin dalili. Wataƙila san ya yi gurnani ne a kan mai wucewa da ba ya so a san ya wuce. Abin da na sani shi ne ranar Asabar da sassafe wani mai bindigar yaƙi ya tsaya a bakin rafinku.

Na ɗauka za a yi kabbara. Ba a yi ba. Mai unguwa ya cire hula ya shafa kai ya mayar. Wani ya juya yana kallon dawar da ta zagaye gari. Can Malam Haruna ya tashi, ya je gaban Kawu ya durƙusa, ya ce ya yafe masa don Allah don Annabi. Kawu ya ce ya yafe duniya da lahira. Malam Haruna bai tashi ba. Ya ce, "Baba Ilu, wallahi da ma kai ne. Da kai ne, da sa kaɗai na rasa."

Ba wanda ya tsawata masa, don abin da ke ran kowa ya faɗa. Sai a lokacin na gane me ya sa suka ƙi sauraron Kawu tun ranar Asabar. Sun ji ƙarar su ma. Tsoho mai zafin rai da adaka abu ne da gari zai iya da shi, a tara dattawa, a yi faɗa, a yi sulhu. Ɗayan kuwa ba su da yadda za su yi da shi.

Mai unguwa da kansa ya miƙa wa Kawu bindigarsa da hannu biyu. Kafin Kawu ya gama goge ta da bakin riga, mutanen da suka ce a karɓe ta suka fara cewa Baba ko za ka tara maharba, a riƙa duba bakin rafi safe da yamma. Ya ce to. Na ja shi gefe na ce ya biyo ni Kano ko na wata ɗaya ne, ɗaki yana nan. Na ce Kawu, bindigar yaƙi tana zubo harsashi talatin kafin ka gama danna tsumma. Ya ce ya sani. Na ce kuma ya yafe mini, ni ma na zarge shi. Ya ce wannan ma ya sani, aikina ne. Sannan ya ce, "Jiya an ce ni ne ɓarawon gari, yau an ce in tsare shi. In na bi ka Kano, me za a ce gobe?" Ya saɓa bindigarsa ya tafi neman mutanensa.

Mun biya ta Kabo tare da mai unguwa, na miƙa harsashin a inda ya dace, na rubuta bayanin yadda ya fito daga sa zuwa mahauci zuwa tukunya. Matashin da ya karɓa sai da ya karanta wurin tukunyar sau biyu. Sun ce za su aika a duba, za su kuma leƙa yankin, ina fatan Allah ya ba su iko. A hanyar dawowa maƙwabcina, wanda bai rufe baki ba tun Laraba, ko rediyo bai kunna ba. Muka shigo Kano ana kiran magariba.

Abin da na koya a tafiyar nan ba mai daɗi ba ne. In an yi harbi, jama'a, kada ku tattake wurin, kada ku yar da abin da kuka tsinta, ko a miya ne. Wannan shi ne mai sauƙin. Mai wuyar shi ne, shekara da shekaru ina taƙama da cewa ƙarfe ba ya ƙarya mutum ne ke yi, sai ga shi ƙarfen ya zo ya maimaita abin da tsoho ya faɗa tun farko, ni kuma ina cikin waɗanda suka ƙi ji. Na wanke masa suna, an mayar masa da girmansa, kuma da hannuna na tura shi sahun gaba. Yanzu haka kowace safiya Kawu ne ke fara isa bakin rafin nan, shi da tsofaffi huɗu, kowa da bindiga mai ɗuri ɗaya. Ƙanwata ta ce in daina kiranta da sassafe ina tayar mata da hankali. Na ce to, amma yau ma na kira.